Zarton da Aka Zana Mana a Allo

Ranar da babbar mota ta shigo makarantarmu, ko darasi ba a ƙarasa ba. Muna aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a tsakiyar shekarun 1980, sai muka ji rurin inji a bayan ofis, ƙura ta tashi, kowa ya miƙa wuya ta taga. Malamin lissafi ya daka mana tsawa sau biyu, a na uku shi ma ya ajiye alli ya leƙa. Akwatuna ne na katako, manya-manya, wasu sun kai tsayin mutum, a jikinsu akwai rubutun da ko malamin Turanci bai iya karantawa ba. Aka kira manyan ɗalibai da leburorin makaranta, aka yi ta ɗaga nan, saki can, har la'asar sakaliya, sannan aka gama shigar da su wani dogon ɗaki kusa da sito. Firinsifal ya sa kwaɗo biyu, ya zura makullan a aljihun kaftaninsa.

Washegari a taron safe ya yi mana albishir. Gwamnati ce ta aiko da injuna daga Turai. Duk yaron da ya gama aji uku, in ji shi, zai fita da sana'a a hannunsa, ko ya ci gaba da karatu ko bai ci gaba ba, babu sauran zaman kashe wando. Muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Shekara shida na yi a makarantar nan, sau ɗaya tak na ga an buɗe ɗakin, ranar da wasu baƙi suka zo daga ma'aikatar ilimi. Suka ƙirga akwatuna, suka duba takarda, lissafi ya yi daidai, suka sa hannu, aka mayar da kwaɗo.

Darasin da aka kawo injunan dominsa shi ne na share fagen fasaha, wanda kowa ke kira Intirotek. A takarda darasi ne mai faɗi: aikin katako, aikin ƙarfe, lantarki, zanen fasaha, da ɗan abin da ya shafi gini da injin mota. Wanda aka ba mu ya koyar da shi ɗan bautar ƙasa ne, saurayi mai kirki, kimiyyar sinadarai ya karanta a jami'a. Ya zo, aka duba jadawali aka ga gurbi, aka miƙa masa littafi. Da daddare ya karanta, da safe ya zana mana. Ya kuwa iya zane, Allah ya ba shi. Zai zana zarto da haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ya ja kibiya zuwa kowane sashe ya rubuta sunansa da Turanci, mu kuma mu kwafa. Haka muka yi guduma, muka yi filaya, muka yi sukudireba iri-iri. Na haddace sunayen hanyoyin haɗa katako da katako, in ka tashe ni daga barci zan jero maka su, amma ban taɓa haɗa ko ɗaya ba.

A bencinmu akwai wani yaro ɗan maƙera, daga unguwar da ke bayan kasuwa. Karatu bai karɓe shi sosai ba, shi da Turanci kuwa hannun riga. Amma tun yana ɗan shekara bakwai yake zuga wa mahaifinsa wuta, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi ne. Wata rana malam yana karanto mana yadda ake ƙara wa ƙarfe tauri, ya ce a gasa shi ya yi zafi ƙwarai sannan a tsoma a ruwa. Yaron nan da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya ɗaga.

"Malam, ai in ya fara fari yana tartsatsi ya ƙone. Da ya yi ja kamar nunanniyar gauta ake tsoma shi."

A lokacin akwai dokar hana banakula, wato yin Hausa a aji, har tara ake ci. Malam ya ce ya maimaita da Turanci. Ya buɗe baki, ya rufe, aji ya kwashe da dariya, ni ma a ciki. Ya zauna. Da aka yi jarrabawar ƙarshen zango na ci Intirotek da maki mai kyau, shi kuwa ya faɗi. A duk ajin nan, har da malamin, shi kaɗai ne ya taɓa riƙe jan ƙarfe da awartaki.

Kada a ɗauka waɗanda suka tsara abin wawaye ne. Tunaninsu mai kyau ne, kuma ya daɗe yana nuna kafin a sauke shi. A 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, inda aka yi ta kukan cewa ilimin da Turawa suka bar mana na samar da akawu ne kawai. Daga nan aka haifi Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa a 1977, aka yi masa gyara a 1981, sannan a 1982 aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Zuciyar tsarin ita ce waccan ƙaramar sakandaren. A nan ake so kowane yaro ya taɓa katako, ya taɓa waya, ya taɓa ƙasa a gonar makaranta, yarinya da yaro su san keken ɗinki da lissafin ciniki, domin a gane inda hannun kowa ya fi faɗawa. A bugun kundin na baya har kaso aka yanka: bayan aji uku, 60 cikin 100 su wuce babbar sakandare, 20 su shiga kwalejojin fasaha, 10 cibiyoyin koyon sana'a, 10 kuma su tafi wurin masu sana'a su koya. Aka yi odar kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. Akwatunanmu daga cikinsu suke.

Sai da na girma, na zauna hira da tsohon mai kula da siton makarantar, na ji dalilan da suka hana a buɗe su. Wutar da ta shigo makaranta ta kunna ƙwai da fanka ce, manyan injunan kuwa babban layi suke so. Ɗakin ma ba a gina shi don su ba, babu dandamalin simintin da za a kafe su a kai. Wanda zai haɗa su bai zo ba. In ma an haɗa, wa zai riƙa sayen katako da ƙusa da sandar walda da man inji duk zango? Inji sau ɗaya ake saye a yi biki, katako kuwa kullum ake cinye shi, kuma ba a ware masa ko kwabo ba. Ana cikin haka a 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Janar Babangida, darajar naira ta zube, duk abin da za a shigo da shi daga waje ya yi tsadar da makaranta ba ta ko mafarki.

Amma dalilin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe da tsohon ya faɗa, yana murmushi. Firinsifal ne ya sa hannu ya karɓi kayan. In aka buɗe, sifana ɗaya ta yi ƙafa, shi za a aiko wa takardar tuhuma. In kuwa ba a buɗe ba, duk shekara masu bincike za su ƙirga su tarar cif. Babu wanda zai taɓa tambayarsa yara nawa suka iya yanka katako a miƙe. Saboda haka mutumin kirki, mai tsoron Allah, mai kiyaye amana, ya yi abin da ya fi masa aminci: ya adana dukiyar gwamnati daga yaran da aka saya dominsu.

Wannan ciwo ya girmi 6-3-3-4. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, Kano, kuma tun a lokacin akwai sashen sana'a a cikinta, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Amma ba daga nan manya suka fito ba. Daga Kwalejin Katsina suka fito, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, can Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Jama'a ba makafi ba ne. Sun ga wanda ya riƙe alƙalami ya zama malami, ya zama akawu, ya zama minista, wanda ya riƙe guduma kuma ya ci gaba da riƙe guduma. Dama tun kafin Bature, sana'a a ƙasar Hausa gado ce, ɗa ya tashi ya tarar da ubansa a maƙera ko a marina ko a majema, ya koya ba tare da an ce masa yau za a fara darasi ba. Kowace sana'a da sarkinta, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa, su ne masu tsawatarwa da raba gardama. Kuma, mu faɗi gaskiya, akwai sana'o'in da ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa tun a wancan zamani, har ya shafi neman aure. Boko ya zo ya tarar da wannan, bai gyara ba, sai ma ya ba yaro tsanin da zai hau ya tsere daga sana'ar ubansa. Uban da ya kai ɗansa boko, ba don ya dawo maƙera ya kai shi ba.

Duk da haka akwai lokacin da makarantar sana'a ta yi daraja, kuma yana da kyau a tuna dalili. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta kafa cibiyoyin koyon sana'a a wurare irin su Kaduna da Bukuru. A 1956 aka buɗe cibiyar fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. Ɗaliban irin waɗannan wurare kan zauna jarrabawar City and Guilds ta Landan, kuma kafin takarda ta bushe aiki na jiransu: hukumar jiragen ƙasa, ma'aikatar ayyuka, masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 da sauran masaƙun da suka biyo ta a Kakuri, kamfanin haɗa motocin Peugeot daga 1975, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Malamansu mutane ne da suka fito daga aikin, ba daga littafi ba. Jiniyar ma'aikata ita ce ke riƙe da darajar makarantar. Da masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar ta Kaduna ta tsaya a farkon shekarun 2000, sai kwalejojin fasaha suka koma wurin da ake tura wanda bai samu gurbi a wani wuri ba.

Mu koma ga abokina ɗan maƙera. Da muka zauna jarrabawar aji uku bai haye ba. Aka kira mahaifinsa, ni kuma aka aike ni ofis da rajista, don haka a kunnena aka yi. Mataimakin firinsifal ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Baba, sai haƙuri. Yaron nan boko bai karɓe shi ba. Shawarata a kai shi ya koyi sana'a."

Tsohon ya gyara zaman hularsa, ya dubi ɗansa, ya dubi malam.

"To, Malam, ai daga can na ɗauko shi na kawo muku."

Babu wanda ya ba shi amsa. Haka rabon nan na 60 da 20 da 10 da 10 ya kasance a aikace: ba a duba hannun yaro ba, an duba inda ya faɗi. Sana'a ta zama hukunci. Kuma kowa ya san 'ya'yan wa ake yanke wa irin wannan hukunci, domin ɗan babban ma'aikaci in ya faɗi, makaranta ake sauya masa.

Mahaifinsa bai mayar da shi maƙera ba, ya ce zamani ya juya, ya kai shi wurin wani mai walda a birni. Shekara shida ya yi. Ta farko ta tafi a shara da ɗebo ruwa da sayo wa maigida tuwo. A ta biyu aka bar shi ya riƙe ƙarfe ana ɗinkewa, a ta uku aka miƙa masa abin walda. Yau yana da shagonsa, yana ƙera ƙofofi da tagogi da injin niƙa da na sussukar masara, yara goma sha wani abu na ƙarƙashinsa. Nan ne masu irin wannan labari kan ce ya yi kuɗi, ni mai digiri yana bi na bashi. Ba haka ba ne. Rufin asiri yake da shi, kamar ni. Kuma ya biya farashi mai tsada. Idonsa na hagu ya raunana, saboda shekarun da ya yi yana walda da tabaran kasuwa, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa abin da hasken nan ke yi wa ido. In aka kawo masa zanen injiniya sai ya nemi mai fassara masa. Ya sha yin kuskuren farashi, ya karɓi aiki ya gama ya tarar da guminsa ya ci. Manyan kwangiloli kuwa sukan wuce ta kansa zuwa ga mai takarda, shi kuma mai takardar ya dawo ya ba shi aikin a rabin kuɗi.

Duk abin da ya rasa, makaranta na da shi: lissafi, karatun zane, kiyaye lafiyar jiki, takardar shaida. Duk abin da ni na rasa, shagon walda na da shi. An raba mu biyu, kowa aka ba shi rabin abu, tsakanin wuraren biyu kuma tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba.

Akwai lissafin da na taɓa yi a bayan ambulan wanda ya kamata duk mai tsara manhaja ya yi. A jadawalinmu Intirotek sau biyu ne a mako, kowanne minti 40. In ka ba shekara mako 36 na karatu, awa 48 ke nan. Yaron gareji da ke zuwa awa 8 a rana, kwana 6 a mako, a mako guda yake cinye wannan. Shekara ukun ƙaramar sakandare gaba ɗaya awa 144 ce, wato mako uku na yaron shago. Ko da an buɗe akwatunan nan, ko da an kawo wuta, alƙawarin da firinsifal ya yi mana a taron safe ba zai cika ba. Mako uku ya isa yaro ya ɗanɗana ya ji ko yana so. Bai isa ya mayar da shi kafinta ba.

Abin takaici, mun sake maimaitawa. A 2011 aka fito da sabuwar manhajar babbar sakandare, aka sa darussan sana'a sama da 30, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar ɗaya, WAEC ta fara jarraba su a 2014. Akwai walda a jerin, akwai gyaran mota, wayarin, aikin famfo, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, rini, dukanci. Da 'ya'yana suka kai matakin sai na ga yadda abin ke tafiya. Makarantu da yawa suka zaɓi darussan da alli kaɗai ya ishe su, irin su dabarun tallata haja, tunda ba sa bukatar ko ƙusa ɗaya. 'Yata ta dage sai ɗinki. Kekuna biyu ne a makarantarsu, ɗaya ya kwana biyu da mutuwa. Wata rana na buɗe littafinta na ga keken ɗinki an zana shi tsaf, da kibiyoyi, da sunayen sassa. Na daɗe ina kallonsa. Da aka yi dogon hutu mahaifiyarta ta kai ta gidan wata maƙwabciyarmu tela, mai tsohon keken Butterfly a tsakar gida. Hutu uku ta yi a can. Kayan sallar ƙannenta na bara ita ta ɗinka, kuma makin da ta ci a jarrabawa bai san da wannan ba.

Ana yawan kawo misalin Jamus, kuma akwai abin dubawa, in dai ba za a tsaya ga sha'awar injunansu ba. A can matashi yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani ko shagon mai sana'a, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa alawus. Sana'o'in da aka amince da su sun haura 300, kuma ƙungiyoyin masu sana'a da masana'antu ne ke yi masa jarrabawar ƙarshe. Dokar da ta tsara wannan a 1969 aka yi ta, shekarar da mu ma muka zauna taronmu a Legas. Su sun ɗauki tsohuwar al'adarsu ta maigida da yaronsa suka ɗaura mata makaranta. Mu muna da irin wannan al'ada, da sarakunanta ma, sai muka bar ta a bakin titi muka tafi sayen akwatuna.

Ba hukumomi muka rasa ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana nan tun 1971, hedikwatarsa a Jos. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE tana Kaduna tun 1977. NABTEB, mai shirya jarrabawar kwalejojin fasaha, an kafa ta a 1992 a Benin. Akwai kwalejojin horar da malaman fasaha a Gombe da Bichi da Potiskum da Gusau, ta Gusau ma ta mata ce zalla. Ma'aikatar ƙwadago na da gwajin sana'a mai mataki uku. A 'yan shekarun nan an fito da tsarin ba mai sana'a takardar shaida bisa gwada abin da hannunsa ya iya, ko bai taɓa zama a aji ba, wanda a ganina shi ne abu mafi hankali da aka yi a wannan fage. A ɗaya gefen kuma ga kasuwar Panteka a Kaduna, inda ake ƙera kusan duk abin da ƙarfe zai iya zama, har ɗaliban injiniya kan kai aikinsu na kammala karatu a haɗa musu. Ga Ƙofar Ruwa a Kano, ga masu gyaran waya na Farm Centre. Malaman da makarantunmu ke nema suna nan zaune, sai dai ƙa'idar ɗaukar malami ba ta san su ba, tunda ba su da takardar koyarwa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sake ɗaura ɗamara. Ta sanar da karatu kyauta da alawus ga ɗaliban kwalejojin fasaharta, ta kuma taƙaita darussan sana'a na sakandare zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu. Zaɓin bai yi mini laifi ba. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje a yau ya san mai haɗa sola ba zai kwana da yunwa ba, kuma taƙaitawar ta fi dogon jerin da babu mai iya cika shi. Amma ni da na ga akwatuna, ba na tambayar me za a saya. Ina tambayar wa zai tsaya a kan yaron. In malamin sola bai taɓa hawa kwano da rana tsaka ba, bai taɓa ganin batirin da ya kumbura saboda an haɗa shi ba daidai ba, to za a zana wa jikokinmu faifan sola a allo, da kibiyoyi.

Da za a ji tawa, kwana ɗaya ko biyu na mako ɗalibin babbar sakandare ba a aji zai yi su ba. A tantance shagunan da ke kusa da makaranta, a yi musu rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, a biya maigida ladan koyarwa, 'yan mata a haɗa su da mata masu sana'a, malamin makaranta ya riƙa zagayawa. Zagayen nan wajibi ne, domin shago ba aljanna ba ne: akwai maigidan da zai mayar da yaro ɗan aike, akwai mai duka, akwai mai ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya fi shi. A ranar jarrabawa kuma a ajiye alƙalami a miƙa wa yaro waya da filaya, mai sana'a na cikin masu ba da maki. Sannan a bar ƙofar jami'a a buɗe ga wanda ya bi wannan hanya, in ba haka ba iyaye za su ci gaba da gudunta, kuma ba za a ga laifinsu ba.  Aibin wannan duka ɗaya ne, babu abin da za a yanke wa zare a ɗauki hoto.

Shekarun baya na bi ta tsohuwar makarantarmu. Dogon ɗakin nan an mayar da shi aji, rufin ya sauya. Maigadi ya ce mini an daɗe da kwashe kayan, gara ta ci katakon, ruwa ya ci na ciki, abin da ya rage 'yan gwangwan suka auna a kilo.

Kwanan baya na je shagon abokina yin odar ƙofar gida. Muna cikin ciniki na hango wani injin huda ƙarfe a kusurwa, tsoho, koren fentinsa ya koɗe, a gefensa ɗan faranti mai irin rubutun nan da malamin Turanci ya kasa karantawa. Na tsaya ina shafa shi.

"Mutumina, wannan fa daga ina?"

"Wurin 'yan gwangwan na tsince shi, ya fi shekara ashirin. Tsatsa ce kawai a jikinsa, ko sau ɗaya ba a taɓa kunna shi ba. Na wanke shi da kananzir, na sauya masa mota."

"Kana jin namu ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam, makarantu nawa aka kai wa? Kai dai ka ce ɗan'uwan namu ne."

Ana haka wani yaro ya shigo da kayan makaranta a jikinsa, ya rataye jakarsa a ƙusa, ya gaishe mu, ya zura tsohuwar riga a kan farar. Ɗan maƙwabcinsa ne, aji biyu na babbar sakandare, kullum daga makaranta nan yake yowa. Abokina ya ciro wata takarda daga aljihu, zanen ƙofar da wani injiniya ya aiko, ya miƙa masa.

"Zo karanta mini wannan awon, milimita nawa ya ce. In ka gama ka huda waɗancan. Ka sa tabarau tukuna, kada in sake faɗa maka."